Yadda Ake Gano Musabbabin Zafin Kwamfutar Tafi-da-gidanka ta Wasanni da Yadda Ake Magance Shi

Kwamfutar tafi-da-gidanka da aka ƙera domin wasanni tana ɗauke da kayan aiki masu cin wutar lantarki sosai a cikin gidan da kaurinsa bai wuce na yatsu biyu ba. CPU, wato guntun da ke matsayin ƙwaƙwalwar kwamfuta, irin Core i9-13900HX na kamfanin Intel an ƙayyade masa wat 55 a matsayin cinsa na asali, amma yana iya zuƙar har wat 157 idan aiki ya yi nauyi, GPU kuwa, wato guntun da ke zana hotunan da ake gani a allo, irin RTX 4090 na tafi-da-gidanka yakan kai wat 175. Kusan duk wannan wutar zafi take komawa, kuma hanya guda zafin yake bi kafin ya fita: daga fuskar guntun silikon zuwa man da aka shafa masa, daga man zuwa farantin jan ƙarfe, daga farantin ya bi bututai zuwa lagireto, sannan fanka ta hura shi waje. Saboda haka idan kwamfutarka ta fara zafi fiye da yadda ka saba, ɗayan biyu ne ya faru: ko dai ana ɗura mata wutar da ta fi ƙarfin wannan hanyar, ko kuma hanyar ce ta toshe a wani wuri. Matakan da ke tafe na gano wanne ne daga ciki, kuma na tsara su ne daga wanda ba shi da haɗari ko kaɗan zuwa wanda kuskure a cikinsa yana iya kashe na'urar.

Mataki na farko: ka auna kafin ka taɓa komai

Tafin hannu ba ya bayar da labarin gaskiya. Gidan alminiyam yakan yi zafi a hannu domin yana ɗebe zafin ciki yana fitar da shi, gidan roba kuwa yana iya zama da ɗan ɗumi kawai alhali cikinsa na tafasa. Ka sauke manhajar HWiNFO64, wadda kyauta ce ga mai amfanin kansa, ka buɗe shafinta na ma'aunai. Za ka ga kowane ma'auni yana da ginshiƙai huɗu: na yanzu, mafi ƙanƙanta, mafi girma, da matsakaici. Layukan da za ka sa wa ido su ne zafin CPU gaba ɗayansa da na kowace cibiya da ke cikinsa (wato ƙananan sassansa masu gudanar da aiki), zafin GPU da na wurin da ya fi zafi a jikinsa, gudun kowannensu, yawan wat da kowannensu yake ci, da kuma layin da ke cewa e ko a'a game da rage gudu saboda zafi.

Ka yi awo sau biyu. Na farko bayan kwamfutar ta yi minti goma a kunne ba ta aikin komai, na biyu kuma bayan ka yi rabin awa kana buga wasan da ya saba jawo matsalar, da caja a jone. Ka rubuta alƙaluman a takarda tare da zafin ɗakin, domin da su za ka gwada duk wani gyara da za ka yi daga baya. Idan kana son ganinsu a kusurwar allo a tsakiyar wasa, MSI Afterburner da abokiyar tafiyarta RivaTuner suna yin wannan aikin a kan kowace irin kwamfuta.

Karanta alƙaluman shi ne inda mutane da yawa suke tsorata a banza. A ma'aunin Selshiyas, digiri 40 zuwa 55 lokacin hutu ba komai ba ne. A cikin wasa, CPU da ke yawo tsakanin 80 da 90, yana leƙa 95 na daƙiƙa ɗaya ko biyu, yana aiki ne yadda aka ƙera shi. Iyakar yawancin CPU na Intel digiri 100 ce, ta AMD tana tsakanin 95 da 105 gwargwadon samfuri, GPU na NVIDIA kuwa yakan fara ja da baya a wajen 87. Da guntun ya taɓa wannan iyaka sai ya rage gudunsa da kansa domin ya kare kansa, kuma wannan ja da bayan shi ne abin da kake gani a matsayin sarƙewar hoto bayan minti ashirin da fara wasa. Don haka ka fi mayar da hankali ga matsakaicin awo, kada alƙalami mafi girma shi kaɗai ya ɗaga maka hankali.

Abin da ya fi komai bayyana gaskiya shi ne haɗa zafi da wat. CPU da ke digiri 95 yana cin wat 90 yana nuna cewa hanyar fitar zafi tana aiki, lodin ne ya yi mata yawa, kuma maganinsa yana cikin saiti. CPU da ke manne a digiri 100 alhali wat 25 kawai yake ci yana nuna cewa zafin ba ya fita, kuma babu saitin da zai gyara wannan, sai an buɗe na'urar. Idan kuma kwamfutar tana digiri 70 ba tare da ka buɗe komai ba, ko dai wata manhaja tana aiki a ɓoye, ko kuma fanka ba ta juyawa. Akwai wasu alamu biyu da suka cancanci a rubuta: bambancin da ya haura digiri 15 tsakanin cibiyoyin CPU masu aiki iri ɗaya, da bambancin da ya haura kamar 25 tsakanin zafin GPU da na wurinsa mafi zafi. Dukansu suna nuni ga man da ya bushe ko faranti da bai zauna daidai ba.

Kafin ka rufe wasan, ka sa bayan hannunka a bakin kowace mafitar iska. Iska mai ƙarfi da zafi alama ce ta lafiya. Iska mai rauni da zafi, ga kuma fanka tana kuka, alama ce ta ƙura a lagireto. Iska mai ƙarfi amma mai sanyi, alhali guntun yana kan iyakarsa, tana nufin zafin bai ma iso lagireton ba. Wannan gwajin na daƙiƙa biyar yakan rage maka rabin bincike.

Mataki na biyu: inda ka ajiye ta

Yawancin waɗannan kwamfutoci ta ƙasa suke shaƙar iska, su fitar ta baya da gefe. Katifa, matashi, bargo ko cinya suna toshe ƙofar shigar iskar gaba ɗaya. Ka ɗora ta a kan tebur mai tauri, ka ɗaga bayanta da santimita biyu ko uku ta hanyar sa wani abu a ƙarƙashin ƙafafun robanta na baya ba tare da ya rufe ramukan ba, ka kuma janye ta daga bango domin kada iskar da ta fitar ta dawo mata. Idan kana amfani da allo na waje, ka bar murfin a buɗe, saboda wasu samfura suna jan iska ta tsakanin madannai. Zafin ɗaki ma yana shiga lissafi kai tsaye: kusan duk digirin da ya ƙaru a ɗaki yana ƙaruwa a cikin na'urar, kuma kamfanoni da yawa digiri 35 suke rubutawa a matsayin iyakar yanayin da za a yi aiki da ita.

Game da faifan sanyaya mai fankoki da ake ɗora kwamfuta a kai, ra'ayina shi ne yawancin amfaninsa daga ɗagawar yake zuwa, ƙananan fankokinsa ba su cika ƙara wani abin kirki ba. Wanda ke da soso a kewaye mai manne wa ƙasan kwamfutar, da babbar fanka guda mai tura iska da ƙarfi, shi ne ke rage zafi a zahiri, sai dai yana da ƙara, kuma idan ba shi da matata yana tura ƙura ciki.

Mataki na uku: abin da ke cin ƙarfinta a ɓoye

Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare domin buɗe Task Manager, ka jera manhajoji bisa cin CPU, sannan bisa cin GPU. Burauza mai shafuka da yawa a buɗe, manhajojin ƙaddamar da wasanni da ke sauke sabuntawa, da manhajar naɗar bidiyon allo duk suna ƙara lodi. Ka kashe waɗanda ba ka buƙata daga jerin masu tashi tare da Windows. Idan ka lura fanka tana kuka lokacin hutu, amma da ka buɗe Task Manager sai ta lafa, ka yi zargin muguwar manhajar haƙar kuɗin kirifto, domin wasunsu an koya musu ɓuya idan aka buɗe wannan shafin. Irin wannan takan shigo ne ta wasannin sata. Ka yi cikakken bincike da Windows Security, har da nau'in binciken da ake yi bayan kwamfutar ta sake tashi kafin Windows ya buɗe.

Daga nan ka shiga manhajar kamfanin da ya ƙera na'urar: Armoury Crate a ASUS, Lenovo Vantage a Legion na Lenovo, Omen Gaming Hub a HP, NitroSense ko PredatorSense a Acer, MSI Center a MSI, Alienware Command Center a Dell. Kowacce tana da yanayin shiru, matsakaici, da na cikakken ƙarfi. Yanayin shiru yana danne fanka, na cikakken ƙarfi kuma yana buɗe wa guntayen ƙofar wuta, saboda haka sau da yawa matsakaicin yanayi tare da ɗaga gudun fanka da hannu shi ne ya fi ba da sanyi. Idan na'urarka tana da zaɓin barin babban GPU a kunne kullum, ka sani cewa hakan yana ƙara zafin lokacin hutu, kuma kana iya mayar da ita yanayin haɗaka, inda ƙaramin GPU da ke cikin CPU yake ɗaukar aiki marar nauyi, idan ba wasa kake ba. Ka sabunta direban GPU, wato manhajar da ke sarrafa shi, ka kuma duba shafin kamfanin ko akwai sabon BIOS, manhajar tushe da ke tayar da na'urar kafin Windows, domin a can ne ake gyara tsarin da ke yanke shawarar lokacin da fanka za ta tashi. Ba a sabunta BIOS sai da caja a jone da batir mai isasshen caji, kuma ba a katse shi ko da allo ya yi baƙi na ɗan lokaci.

Mataki na huɗu: rage wutar da ake ɗura mata

Wannan matakin nake ganin an fi raina shi, alhali shi ne ya fi biyan buƙata ba tare da an kwance sukuru ko ɗaya ba. Idan allonka hotuna 144 yake iya nunawa a daƙiƙa, GPU kuma yana zana 250, mafi yawan rarar zafi ce kawai take zama. Wasu wasannin ma a shafin zaɓuɓɓukansu na farko suke sa GPU gudu ba linzami. Ka sa iyaka a cikin saitin wasan, ko a NVIDIA Control Panel ta zaɓin Max Frame Rate, ko a RivaTuner. A wasan labari da ba gasa ake yi ba, hotuna 60 zuwa 90 sun wadatar, kuma za ka ji fanka ta sassauta nan take. Kunna zaɓin DLSS ko FSR a saitin wasan yana sa GPU ya zana hoto ƙarami sannan a faɗaɗa shi, amma ka haɗa shi da iyakar hotuna, in ba haka ba GPU zai mayar da sauƙin da ya samu zuwa ƙarin gudu, zafin ya tsaya yadda yake. Inuwa da bin sawun haske su ne saitukan da suka fi nauyi, kuma sauke su da mataki ɗaya ba ya cika bayyana ga ido.

A ɓangaren CPU akwai wata ƙa'ida da ya kamata ka riƙe: wutar da guntu yake ci tana ƙaruwa ne da ninkin boltej a kansa, wato boltej sau boltej, kuma ƙarin gudu yana buƙatar ƙarin boltej. Ma'ana, 'yan ɗaruruwan megahaz na ƙarshe su ne suka fi tsada a zafi, kuma su ne wasanni da yawa ba su damu da su ba, tunda GPU ne ke ɗaukar babban kaya. Hanya mafi sauƙi ita ce ka shiga saitin wuta na Windows mai zurfi, ƙarƙashin Processor power management, ka mayar da Maximum processor state daga kashi 100 zuwa 99. A na'urori da yawa wannan yana kashe tsallen gudu na turbo gaba ɗaya, zafin CPU ya sauka sosai. Sai dai dabara ce mai kaushi, kuma wasannin da suka dogara da CPU, irin na dabarun yaƙi da na taron 'yan wasa masu yawa, za su ji a jikinsu. Idan manhajar kamfaninka tana ba da damar ƙayyade wat na CPU da hannu, wannan ya fi kyau: ka sauke shi da wat biyar-biyar kana gwadawa har ka kai inda zafin ya daidaita ba tare da hotuna sun ragu ba. A samfura da yawa CPU da GPU bututai ɗaya suke amfani da su, don haka duk wat ɗin da ka cire wa CPU sauƙi ne ga GPU.

Akwai kuma rage boltej kai tsaye, wanda ke ba da gudu iri ɗaya da ƙarancin wuta. A Intel ana yin sa da ThrottleStop ko Intel XTU, amma tun bayan da aka bayyana raunin tsaro mai suna Plundervolt a watan Disamba na 2019 kamfanoni da yawa suka kulle wannan ƙofa a BIOS, saboda haka kada ka yi mamaki idan ka tarar da ita a rufe. Idan a buɗe take, ka fara da rage milibolt 50, ka riƙa ƙara goma-goma, kana gwada kowane mataki da manhajar gwajin CPU ta Cinebench R23 na minti goma da kuma wasanka na gaske. Da ka ga shuɗin allo ko kwamfutar ta daskare, ka koma baya da mataki biyu ka tsaya a nan. A GPU kuwa, danna Ctrl da F a cikin Afterburner yana buɗe zanen boltej da gudu, inda za ka zaɓi wani wuri ka miƙar da layin daga nan zuwa ƙarshe. Kada ka sa saitin ya riƙa tashi tare da Windows sai ya yi kwanaki bai ba ka matsala ba. A duk wannan, abu ɗaya za ka canza a lokaci guda ka sake awo, domin idan ka canza huɗu tare ba za ka san wanda ya yi amfani ba, ba za ka kuma san wanda za ka warware ba idan matsala ta taso.

Mataki na biyar: buɗe ta a fitar da ƙura

Idan awonka ya nuna zafi mai yawa a kan wat kaɗan, ko na'urar ta shekara ba a buɗe ta ba, lokaci ya yi. Ka fara karanta sharuɗɗan garanti. Kamfanoni da yawa ba su hana cire murfin ƙasa, amma wasu suna manna takardar hatimi a kan sukuru, kuma idan garantin yana da rai gara ka bar musu aikin. Ka nemi littafin gyara na samfurinka idan kamfanin ya wallafa shi.

Ka kashe kwamfutar gaba ɗaya, ka zare caja da duk abin da ke jone. Sukurorin murfin ƙasa ba tsayinsu ɗaya ba, kuma dogo a ramin gajere yana iya huda gidan ko ya taɓa faifan lantarki, saboda haka ka zana siffar murfin a takarda ka riƙa ajiye kowane sukuru a gurbinsa. Ka ɓamɓare murfin da siririn abu na roba, ka fara daga wajen marfin allo ka zagaya a hankali. Abu na farko bayan buɗewa shi ne zare wayar batir daga faifan lantarki, ta hanyar jan kan filogin da farce ko roba, kada a ja wayoyin kansu. Sannan ka danna maɓallin kunnawa ka riƙe na daƙiƙa goma sha biyar domin ragowar wuta ta fita. Ka taɓa wani ƙarfe kafin ka sa hannu ciki, domin sauke lantarkin da jiki ke tarawa.

Ƙurar da ke kashe sanyi ba wadda ake gani a fukafukan fanka ba ce. Tana ɓuya ne a tsakanin bakin fanka da haƙoran lagireto, wurin da ba a ganinsa sai an ɗaga fankar. Na taɓa buɗe wata kwamfuta da mai ita ya rantse cewa kowane wata yana hura mata iska ta waje, fankokinta kuwa fes suke. Da na kwance sukurori uku na ɗaga fankar hagu, sai ga wani dogon ƙulli mai toka-toka, ƙura da zaren tufafi da gashi sun dunƙule kamar lagwani, ya rufe haƙoran daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Da hantsaki na ɗago shi ɗungurungum bai ko tsinke ba. Iskar da yake hurawa ta waje tana tura shi baya ne kawai, fanka kuma ta mayar da shi wurinsa da zarar ta tashi. Don haka ka zare wayar fankar, ka kwance ta, ka cire wannan ƙullin da hannu, ka share haƙoran da burushi mai laushi, sannan ka hura iska daga ciki zuwa waje.

Idan da gwangwanin matsattsiyar iska kake aiki, ka riƙe shi a tsaye ka riƙa fesawa kaɗan-kaɗan, domin idan aka karkata shi ruwa mai tsananin sanyi yake fitarwa. Ka dafe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima, hakan yana lalata mazaunin sandarta. Kada ka hura da baki saboda danshi. Kafin ka mayar da ita, ka juya ta da yatsa: lafiyayya tana juyawa sumul ba ƙara, wadda ke girgiza, ko gurzawa, ko tsayawa nan take ta gama aiki, kuma sauya ta ya fi ɗiga mata mai, wanda ba ya daɗewa. Ka duba batirin tunda ga shi a gabanka. Idan ya kumbura, ko ka lura faifan linzami, wanda ake shafawa da yatsa a gaban madannai, ya ɗago daga gurbinsa, kada ka danna shi, kada ka huda shi, kada kuma ka sake cajinsa. A cire shi a kai inda ake karɓar tsofaffin batura.

Mataki na shida: sauya man isar da zafi

Ba a zuwa nan sai an share ƙura an sake awo, alƙaluman kuma ba su gyaru ba. Aikin man shi ne cike 'yan ramukan da ido ba ya gani tsakanin silikon da jan ƙarfe, kuma bayan shekara biyu ko uku na ɗumama da hucewa yakan bushe ko ya tsiyaye zuwa gefe. Kafin ka kwance komai, ka tabbatar da irin abin da kamfanin ya shafa. ASUS, alal misali, yana amfani da ruwan ƙarfe a kan CPU na da yawa daga kwamfutocinsa na wasanni masu suna ROG, wasu kamfanonin ma suna yi a wasu samfura. Ruwan ƙarfe da sinadarin galiyam ake haɗa shi, yana ɗaukar lantarki kuma yana cin alminiyam, ɗigo ɗaya a kan faifan lantarki ya isa ya kashe na'ura. Idan shi ne a taka, shawarata ita ce ka miƙa ta ga wanda ya saba da aikin. Idan kuma man yau da kullum ne a ciki, kada kwaɗayin 'yan digiri ya sa ka koma ruwan ƙarfe, kada garin neman gira a rasa ido.

Ka tanadi barasar goge na'ura ta isofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, tsumma marar zare, da man mai kauri. Silikon ɗin kwamfutar tafi-da-gidanka tsirara yake ba murfi, kuma yawan kumbura da motsewar faranti yana tunkuɗe man mai ruwa-ruwa cikin 'yan watanni. Shi ya sa mutane da yawa suka koma ga Honeywell PTM7950, wani siririn faifai da ke narkewa a wajen digiri 45 ya kwanta, ya kuma daskare idan ya huce. Arctic MX-6 ma yana da kaurin da ya dace.

Ka bar kwamfutar ta yi aiki na 'yan mintuna kafin ka kashe ta, domin tsohon man ya yi laushi. Bayan ka zare batir, za ka ga lambobi a gefen sukurorin farantin. Ka kwance su daga lamba mafi girma zuwa ɗaya, ka ɗan murɗa farantin hagu da dama har ya saki, sannan ka ɗaga shi a miƙe kana riƙe da shi kusa da guntayen. Kada ka ja shi ta bututai. Bututun ba curin ƙarfe ba ne, fanko ne mai ɗan ruwa a ciki wanda ke tururi a gefen zafi ya koma ruwa a gefen lagireto, kuma lanƙwasa ɗaya tana iya nakasa shi. Ka ɗauki hoton yadda komai yake kafin ka goge.

A kewayen GPU da CPU za ka ga 'yan sosuna masu laushi ko wani abu mai kama da yumɓu a kan guntayen ma'adana da na rarraba wuta. Idan ba su yage ba, ka bar su a inda suke. Idan dole a sauya, kaurinsu sai ya yi daidai da na asali, ko rabin milimita ne, ko ɗaya, ko ɗaya da rabi. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani bayan gyara: an sa soso mai kauri, ya ɗage farantin daga fuskar GPU, zafi ya fi na da, mai gyaran kuma yana zargin man. Man isar da zafi na yau da kullum ba ya maye gurbin waɗannan sosunan.

Ka goge fuskar guntayen da ta farantin har su yi ƙyalli, ka bari su bushe. Ka shimfiɗa man siriri ya rufe fuskar silikon duka har kusurwoyinta, domin duk lungun da aka bari ba mai zai zama wurin ƙuna. Idan PTM7950 ne, ka yanka shi daidai girman guntun, ka sa shi a firji na ɗan lokaci domin ledarsa ta yi sauƙin ɓarewa, ka kuma tabbatar ka cire ledar ta fuska biyun. Ka sauke farantin a miƙe sau ɗaya, kada ka ɗaga domin leƙawa, in ka ɗaga sai an sake shafawa. Ka ɗaura sukurorin daga lamba ɗaya zuwa sama, rabin juyi ga kowanne, ka riƙa zagayawa har su tsaya da kansu ba tare da ka matsa da ƙarfi ba. Ka mayar da wayoyin fankoki, ka duba su sau biyu, sannan batir a ƙarshe. Wasu kwamfutocin sukan ɗauki kusan minti ɗaya da baƙin allo a tashin farko bayan an zare batir. Ka maimaita awon farko da wasa ɗaya da saiti ɗaya. PTM7950 yana ƙara kyau bayan ya yi zafi ya huce sau da yawa, don haka ka ba shi 'yan kwanaki kafin ka yanke hukunci.

Idan duk da haka ba ta daina ba

Idan lagireto fes yake, fankoki suna juyawa, man sabo ne, amma iskar da ke fita tana da sanyi guntun kuma yana kan iyakarsa, zargi ya koma kan bututun. Wanda ya tsage ya rasa ruwansa yakan yi zafin ƙuna kusa da guntu, ƙarshensa na wajen lagireto kuwa ya zauna da sanyi. Ba a gyara shi, ana sauya farantin da bututansa gaba ɗaya, kuma lambar kayan tana rubuce a takardar da ke manne a jikinsa. Ka nemi mai wannan lambar daidai, domin samfuri ɗaya yana iya zuwa da faranti daban-daban gwargwadon GPU ɗin da ke cikinsa.

Kwamfutar da ke mutuwa farat ɗaya a tsakiyar wasa alhali awon CPU da GPU bai kai iyaka ba, matsalarta tana iya kasancewa a guntayen rarraba wuta da sosonsu ya goce, ko kuma a caja. Ka duba wat ɗin da aka rubuta a jikin cajar ka gwada da abin da kamfanin ya ƙayyade. Na'urar da ke buƙatar wat 230 idan aka jona mata ta 180 za ta riƙa cin batir tana wasa, batirin ya yi zafi, gudu kuma ya faɗi kamar dai zafi ne ya jawo. Ka taɓa kan filogin cajar inda yake shiga kwamfutar. Idan ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ko launinsa ya sauya, ko ka ji ƙaurin roba, ka zare shi nan take, kada ka sake jonawa sai mai gyaran faifan lantarki ya duba ramin cajin da ma'aunansa. Ka tafi masa da takardar da ka rubuta awonka a kai da hotunan da ka ɗauka lokacin da ka buɗe ta, ka kuma gaya masa duk saitin boltej da ka taɓa domin ya mayar da shi yadda yake kafin ya fara nasa binciken.